Club da Star ko ta Jamus da Cek: amsa ga ƙanenmu mai shirin tafiya

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce wurin aiki za su tura ka kwas birnin Nurembag a Jamus, abokai kuma sun cika maka kunne da cewa Club da Star da ake sha a Kumasi ba giyar laga ta gaskiya ba ce, ta gaskiya tana Turai. Kana so ka san ko haka ne, da inda za ka samu mai kyau a nan gida da can. Kafin in amsa, ina neman afuwar 'yan uwanmu Musulmi, waɗanda su ne mafi yawa a cikinmu. Na san addini ya haramta ta, ba kuma tallarta nake yi wa kowa ba. Ni da mai tambayar cocinmu ɗaya, kuma na daɗe ina cin abinci a ɗakin gwaji na wani kamfanin giya, shi ya sa ya jefo mini.

Abokanka rabin gaskiya suka faɗa. Club da Star laga ne, babu ja. Abin da ke mai da giya laga shi ne irin yis ɗin da aka zuba mata da kuma sanyi. Yis ɗin laga yana aiki a hankali, a sanyin digiri 7 zuwa 13, in ya gama sai ya kwanta a gindin tanki. Daga nan a bar giyar ta huta makonni a sanyin da ya kusa daskarar da ruwa, har ta washe, warin ɗanyenta ya fita. Duk wannan ana yin sa a nan Gana. Inda muka rabu da su shi ne abin da ake zubawa a tukunya, da tsawon hutun da ake ba ta, da kuma wahalar da take sha a hanya kafin ta iso gabanka. Na ukun nan shi mutane suka fi rainawa, alhali a ganina shi ya fi sauran nauyi.

Mutanen Bavariya, a kudancin Jamus, ba da gangan suka faɗa wannan hanya ba. Giyar da suke dafawa lokacin zafi lalacewa take yi, har a 1553 sarkinsu ya hana dafa ta daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Satumba. Dole suka riƙa dafawa lokacin sanyi, su jibge a kogunan da suka haƙa a duwatsu tare da ƙanƙara. Sai a shekarun 1870 Carl von Linde ya ƙera injin sanyi, gidan Spaten na Munik yana cikin waɗanda suka fara amfani da shi, sannan a 1883 Emil Hansen na gidan giyar Carlsberg a Denmak ya ware tsantsar yis iri guda. Ba don waɗannan biyun ba, babu mai iya yin laga a garin da rana ke haura digiri 30 kamar namu.

Tamu ma ba ta jiya ba ce. Gidan da ke yin Club a Adabraka, Akra, tun 1931 aka kafa shi da sunan Overseas Breweries. Star daga Legas ta fito a 1949, daga baya aka riƙa dafa ta a Ahinsan, nan Kumasi. Guinness kuma suna Kaase. Yau gidan Club, wato Accra Brewery, yana hannun kamfanin waje AB InBev, Guinness Ghana mai yin Star kuma a 2025 kamfanin Diageo na Birtaniya ya sayar wa Castel na Faransa kasonsa. Kada wannan ya sa ka ce shi ya sa tamu ba ta gargajiya ba ce, domin Pilsner Urquell, giyar ƙasar Cek da kowa ke yabo, kamfanin Asahi na Japan ne ke da ita tun 2017.

A tukunya ne bambancin ya fito fili. Dokar Bavariya ta 1516 ta ce ruwa da sha'ir da hop kawai, hop ɗin nan kuwa wani fure ne mai ɗaci da ƙamshi. Har yanzu laga ta Jamus da tsiron sha'ir zalla ake yin ta. Mu ba ma noman sha'ir ko hop, ta tashar Tema suke shigowa da kuɗin waje, don haka kamfanoninmu suna haɗawa da masara ko dawa ko shinkafa ko rogo. Gwamnati ma tana rage haraji ga giyar da kayan gida suka fi yawa a cikinta, abin da ya haifar da na rogo irin su Ruut Extra a 2012 da Eagle a 2013. Najeriya ta riga mu shiga wannan hali, tun da ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 kamfanoninta suka koyi aiki da dawa. Ni ban ɗauki wannan abin kunya ba. Manomin dawa a Garu ko Bawku yana samun kasuwa, giyar kuma tana fita da sauƙi a baki, daidai da zafinmu da barkonon cincingarmu. Amma gaskiya ba ta da kauri da ɗanɗanon hatsi irin na tasu, ɗacin hop kaɗan ne, ƙamshinsa kuwa kusan babu. Hutun ma gajere ne. Manyan kamfanoni a ko'ina, ba namu kaɗai ba, cikin makonni biyu zuwa uku suke sallamar giya daga tukunya zuwa kwalba, alhali Budvar ta ƙasar Cek kwana 90 take kwance a ɗakin sanyi.

To yanzu batun hanya. Giya kamar ƙosai take, a bakin kasko ta fi daɗi. Zafi da haske da daɗewa su ne abokan gabarta, mu kuwa duka ukun muna da su a wadace. Club ɗin da ta fito daga kamfani makon jiya, aka ajiye ta a inuwa, ta fi kwalbar Jamus da ta yi makonni a teku, ta kwana a kwantena cikin ranar Tema, sannan ta yi watanni a kan kantar wani babban shago tana jiran mai kuɗi. Wani abokina ya taɓa sayo irin wannan da tsada don ya karrama baƙi. Da aka buɗe, kumfa ta tashi ta faɗi nan take, launin ya yi duhu fiye da yadda ya kamata, ga wari irin na kwalin da ruwa ya jiƙa, a baki kuma wani zaƙi-zaƙi marar daɗi. Baƙin suka yi ta yabo saboda sunan da ke jikin kwalbar. Abin ya ba ni takaici, domin na san wanda ya dafa ta ba haka ya sallamo ta ba.

Saboda haka in kana neman mai kyau a Kumasi, ba sunan waje za ka bi ba. Bi wurin da kaya ba ya kwana. Mashayun Bantama da ke cika kowane dare sun fi wani tsararren wuri da ba kowa, don kiret na shiga yana fita. Duba kwanan watan da ke jikin kwalba, ka zaɓi wadda ta fi sabunta. In ka ga an jera kiret a waje rana tana dukansu, wuce, musamman in kwalbar kore ce ko fara, don haske ya fi ratsa su fiye da mai ruwan ƙasa. Ka kuma kiyayi firizar da ke daskarar da giya ta narke ta sake daskarewa duk lokacin da aka ɗauke wuta. Mutanenmu suna son wadda ta yi ƙanƙara, amma sanyi in ya wuce kima harshe ba ya jin komai, mai kyau da marar kyau duk ɗaya suke zama. In ka samu bubra, wato ta ganga da ake tsiyayowa, a wurin da suke wanke bututunsu, ita ta fi kusa da abin da muke ɗanɗanawa a cikin kamfani. In ka ji tsami ko warin man shanu a kofin farko, bututun ne ba a wanke ba, mayar musu.

A can kuwa ka yi sa'ar gari. Nurembag tana yankin Frankoniya, inda gidajen dafa giya suka fi yawa a duk Jamus, da yawansu na iyali ne a ƙauyuka, ba sa kai kayansu nesa. Bambag, wani gari na yankin, ba ta kai awa ɗaya a jirgin ƙasa ba daga inda za ka zauna. Abin da ba mu da shi a nan shi ne wannan: can kana iya zama a gidan da aka dafa giyar ka sha ta, mu kuwa kamfanoninmu masana'antu ne, sai ta depo kaya ke iso mana. Nemi wadda suke kira Kellerbier. Ba a tace ta ba, tana da ɗan duhu-duhu, gas ɗinta kaɗan ne, sau da yawa a kofin yumɓu ake kawo ta. Lokacin bazararsu mutane kan hau tudu su zauna ƙarƙashin itatuwa, a saman kogunan da kakanninsu ke ajiye giya. A Bambag akwai gidan Schlenkerla, inda ake busar da tsiro da hayaƙin itace, a tsiyayo daga gangar katako. Baƙi da yawa kan yamutsa fuska a kurɓar farko, amma kai da ka tashi kusa da murhun pito ina jin ba za ta zame maka baƙuwa ba. In ka leƙa Munik, Helles za ka nema, fara ce mai laushi, ɗacinta kaɗan. Spaten ne suka fito da irinta a 1894, ta Augustiner kuma har yanzu akwai wuraren da ake tsiyayo ta daga gangar katako. Helles ɗin nan ita ta fi kusa da bakin wanda ya saba da Club, da ita nake so ka fara, don ka ji abin da sha'ir zalla ke ƙarawa.

Amma in hutu ɗaya kawai za ka samu, Pilsen za ka tafi. Tana ƙasar Cek, bizar Shengen ɗinka ta isa. A nan ne a 1842 wani Babavariye, Josef Groll, ya dafa laga ta farko mai launin zinariya, da ruwan garin mai laushi da hop na garin Zatec. Kusan duk farar laga ta duniya, har da Club da Star, jikokinta ne. A gidan Pilsner Urquell, inda ya dafa ta, suna zagayawa da baƙi, ƙarshen zagayen kuma a ƙarƙashin ƙasa ne, cikin ramukan da tsawonsu ya kai kilomita 9. Tafi da rigar sanyi ko da rani ne. Bango fari ne yana naso, ƙasa a jiƙe. Za ka ga manyan randunan katako a buɗe, kumfa mai kauri ta rufe samansu, an rubuta kwanan wata da awon sanyi da alli a jikinsu. Wani ma'aikaci zai murɗa famfo a jikin ganga ya cika maka kofi da wadda ba a tace ba, ba a kuma dumama ta don ta daɗe ba. Ƙamshin ciyawa ne zai fara dukan hancinka, sai zaƙin hatsi kamar ɓawon burodi, sannan ɗaci mai tsabta ya biyo baya ya zauna a maƙogwaro. Ni da na yi shekaru ina auna giya da na'ura, a ramin nan na gane abin da muke ta kwaikwayo. Ƙarfinta kuwa kashi 4.4 ne cikin ɗari, bai ma kai na Club mai kashi 5 ba, don haka masu ce maka ta Turai ta fi don ta fi bugarwa ba su san zancen ba. A mashayunsu za ka ga an rubuta 10 ko 12 a gefen suna. Wannan awon kaurin ruwan tsiro ne kafin yis ya ci, ba yawan barasa ba. Kada kuma ka yi faɗa in aka cika maka saman kofi da kumfa, ba cuta ba ce, ita ke tsare giyar daga iska.

Sai dai ba duk abin da ke Jamus ne abin yabo ba. Shagunansu cike suke da giyar manyan kamfanoni mai araha wadda ba ta fi tamu da komai ba. Can ma sai ka nema. Kuma rabin lita suke kawowa, a Munik har lita guda, ka san iyakarka, kada ka taɓa sitiyari bayan ka sha.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai cikin tambayarka, inda ka ce "ta gargajiya". Ta gargajiyarsu ke nan na lissafa maka. Tamu ita ce pito da burkutu, su kuwa ba laga ba ne. Iyayenmu mata na Nandom da Bolga da Bawku suna jiƙa dawa ta yi tsiro, su shanya, su niƙa, su dafa a manyan tukwane, su bari ta kwana ta yi tsami, su sake dafawa, in ta huce su zuba yis, washegari tana tafasa a ƙwarya. Da zafi take aiki, ba da sanyi ba, kwana ɗaya ko biyu ta wuce lokacinta. Amma a batun sha a gidan da aka dafa, daga hannun wadda ta dafa, gidan pito ya fi kowace mashaya a Kumasi kama da gidajen Frankoniya. Akwai kuma masu ƙoƙarin haɗa biyun. Clement Djameh, wanda ya koyo aikin a Jamus, ya kafa ƙaramin gidan giya na Inland a Akra yana yin ta da dawa maimakon sha'ir. Aiki ne mai wuya, don tsiron dawa ba ya narkar da sitacinsa da sauƙi kamar na sha'ir, kuma ba shi da ɓawon da ke taimakawa wajen tacewa. In ka samu zama da masu dafawa a Bambag, ka ba su labarin dawarmu da yadda ake pito, ka tambaye su yadda za su yi da hatsin da ba shi da ɓawo. Ina so in ji abin da za su ce.