Jinyar ɓeran Masar bayan tiyata: me za ka saya, me za ka bari a kanti?

Kwana biyu da tsage wa ɓeran Masar ɗin 'yata ƙurji a ƙarƙashin haɓa, sai ya yaye wa kansa abinci. Ya lafe a lungun keji, gashi a tashe, ko ƙarar ledar cefane da ke sa shi tsuwa ba ta ƙara ɗago masa kai ba. Ni hankalina na kan ɗinki, ashe abin da ke neman ransa a ciki yake. Hanjin wannan dabba ba ya son zama ba aiki. In ta yi awa 12 ba ta ci ba, ba ta yi kashi ba, magana ta zama ta gaggawa. Saboda haka duk abin da za ka sa kuɗi a kai, fara tambayar kanka ko zai taimaka wa cikin ya ci gaba da motsi.

Sikeli ne sayayya ta farko, tun kafin magani. Akwai mai allura irin na masu awon nama, akwai ƙaramin na kicin mai batir da ke nuna lamba. Ɗauki na biyun. Babban ɓeran Masar nauyinsa tsakanin giram 700 ne zuwa 1,200, kuma zubewar giram 50 a jikinsa ba wasa ba ce, amma allurar babban sikeli ko gezau ba za ta yi ba. Kowace safiya ka sa shi a roba ka auna, ka rubuta. Ido yana yaudara, don gashi na ɓoye rama.

Sirinji kuma ƙarami za ka nema, mai mililita 1, wanda ake cire masa allura. Na insulin allurarsa a manne take, bai yi ba. Manya masu mililita 5 ko 10 sun fi saurin aiki, sai dai in abinci ya toshe ka danna da ƙarfi, gaba ɗaya yake fesowa, dabbar ta shaƙe. Yanke bakin ƙaramin da reza, ka goge kaifin, ka sayi kamar biyar domin robar cikinsu na yin tauri bayan 'yan wanki.

Abin da za a ɗura shi ne babban zaɓi. Na ɗaya shi ne garin da aka haɗa musamman don majinyatan dabbobi masu cin ciyawa, irin Critical Care na kamfanin Oxbow a Amurka, ko Science Recovery na kamfanin Supreme a Ingila. Na Oxbow ana dama awo ɗaya na gari da awo biyu na ruwa mai ɗumi, kuma kamfanin ya ce babban cokali 3 na garin a yini ga kowane kilo na nauyi. Ba shi da na biyu wajen inganci, yana wucewa ta sirinji sumul. Aibinsa tsada da wuyar samu. In sai an yi odarsa daga waje, dabbar ba za ta jira ba. Wanda ya san ranar tiyata tun da wuri, ya tanade shi kafin a shiga.

Na biyu, ka jiƙa dunƙulallen abincin ɓeran Masar a ruwan ɗumi har ya narke kamar kunu mai kauri. In na zomo kaɗai ke kasuwarku, karanta jikin buhun tukuna: ba a sa masa bitamin C, wani kuma ana gauraya shi da magani. Abincin kaji kam kada ma ya shigo lissafi. Na uku, wanda na dogara da shi a daren farko, shi ne markaɗen ɗanyar ciyawa mai laushi irin kiri-kiri da koren tattasai da ɗan kabewa. Yana riƙe rai na kwana ɗaya ko biyu, amma ruwa ya yi masa yawa, ba ya mayar da ƙiba. Madara, koko da abincin jarirai na gwangwani kuwa cutarwa suke yi, duk da su ne hannu ke fara kaiwa gare su don tausayi.

Yadda ake ɗurawar ma sai an kula. Na kan naɗe shi a tawul, ƙafafunsa huɗu a kan cinyata, ba a rigingine ba, in zura sirinjin ta gefen baki bayan haƙoran gaba, in danna ƙasa da rabin mililita, in jira sai na ga yana tauna. Haka bayan kowace awa uku ko huɗu, har tsakar dare. Ɓeran Masar ba ya iya amai, don haka in ka taɓa cikin ka ji ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, dakatar da ɗura ka nufi likita.

A gefensa kullum a bar busasshiyar ciyawa. Harawa ta fi sauƙin samu, amma tana da yawan sinadarin kalsiyam, kuma in aikin cire tsakuwar mafitsara aka yi masa, ita da alayyahu a nisanta su.

Bitamin C dole ne, domin jikinsa kamar namu ba ya ƙera shi, kuma rauni ba ya haɗewa da kyau in babu shi. Ƙwayar nan mai miligiram 100 ta kemis ta wadatar. Kwatarta a niƙe cikin ɗan ruwa ta sirinji ta kai buƙatar yini ga mai lafiya, majinyaci kuma likita zai iya ƙara masa. Wanda ake ɗigawa a ruwan sha ban ba da shawararsa ba: haske na lalata shi, ɗanɗanonsa kuma na iya sa dabbar ta ƙaurace wa ruwan.

Ga inda nake roƙonka da babbar murya. Kada ka shiga kemis ka zaɓi maganin kashe ƙwayoyin cuta da kanka. Ampiclox, amoxicillin, penicillin, erythromycin, lincomycin da clindamycin suna kashe ƙwayoyin da ke narka abinci a hanjinsa, masu guba su samu fili, gudawa ta biyo baya, cikin 'yan kwanaki a rasa shi. Likitoci kan koma ga enrofloxacin ko haɗin trimethoprim da sulfa, sai meloxicam don rage zogi, wanda shi ne sau da yawa ke dawo da cin abinci. Awon kowanne da nauyi yake tafiya. Ba kowane likitan da ya ƙware a shanu da awaki ne ya saba da wannan ɗan tsurut ɗin ba, don haka tambaya ba raini ba ce. Asibitocin koyarwa na likitan dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri wurare ne da za a iya neman shawara.

Wankin rauni: ruwan gishirin asibiti da ake ƙarin ruwa da shi, ko aidin da aka tsarma sosai in likita ya amince. Sifirit da Dettol suna ƙona sabuwar tsoka. Mugunyar ɓeran Masar kauri gare ta kamar man goge baki, ba ta tsiyayewa da kanta, shi ya sa namu sai da aka sake buɗe wurin aka riƙa wankewa da sirinji kullum.

Shimfiɗa kuwa farin tawul ko tsohon zani mai haske ya fi garin katako nesa ba kusa ba. Garin na manne wa ɗinki, farin ƙyalle kuma yana nuna maka jini, fitsari da yawan kashin da ya yi. Canja shi sau biyu a rana. Da hunturu, gorar ruwan ɗumi a naɗe cikin safa ta isa, a bar masa wurin matsawa. Da bazara zafi ne abokin gaba, don daga digiri 28 zuwa sama yana iya galabaita. Kai shi ɗakin da ya fi sanyi, ka jingina gorar ƙanƙara a naɗe a jikin keji. Sannan ka yanko ƙyallen tsohon gidan sauro ka lulluɓe kejin ruf, domin ƙuda ɗaya in ya sauka a kan rauni mai danshi, washegari tsutsa za ka tarar.