Crown Victoria ko tsohuwar Monte Carlo? Amsa ga mai son fara tsere

Ƙanena, tsakanin biyun nan da ka kawo don shiga tseren motoci na 'yan ƙaramin fili, ɗauki Crown Victoria kawai ka huta.

Monte Carlo ɗin 1978 zuwa 1988 tana da kyau a ido, ba musu, irinta Dale Earnhardt ya ja mai lamba 3 ya ci kofin NASCAR, babbar gasar tseren motoci ta Amurka, a 1986 da 1987, shi ya sa duk tsohon da ya ganta sai ya tsaya yana shafa bodi. Na riƙe ɗaya, ta ci min kuɗi tsakanin tsatsa da kafireto, kuma ajin Street Stock da ake sa ta, wato na motocin titi da aka gyara don tsere, irin na filin Bowman Gray a garin Winston-Salem, mutanen da suka yi shekara ashirin suna saita ta za ka tarar. Iyakar abin da zan ce kenan.

Crown Vic kuwa ita ce a garejina yanzu, tsohuwar motar 'yan sanda ce, samfurin da ake kira P71, da na saya a gwanjo nan North Carolina, injin V8 mai lita 4.6, giya otomatik, bodi daban firam daban, shi ya sa take shan duka ba ta nuna wa. Wata Asabar da dare a kwana ta uku ta filin tsere wani ya ɗebe ni ta baya na je na rungumi katanga, bamba ta zube, lagireto ya fashe, ruwa na ta tururi a kan gilashin hular kwanona, wallahi na ɗauka shikenan kakar tseren ta ƙare min. Wani dattijo Bature da ke fakin kusa da ni ya zo da sarƙa da tocila, muka ɗaure gaban a jikin tirelarsa muka ja har ya miƙe, Litinin na samo lagireto wajen 'yan gwangwan da kuɗin da bai kai na cefanen mako ba, Asabar ta gaba ina kan layi. Ford sun yi ta ƙera motar nan har 2011, 'yan sanda da 'yan tasi duk ita suka ja, don haka kayanta ko'ina birjik. Nemi ta 2003 zuwa sama, daga shekarar suka canza firam da sitiyari, ta fi jin magana a kwana. Nauyi dai tana da shi, wajen fam 4,000, tayar gaba ta dama za ta riƙa cinyewa tunda hagu ake ta juyawa, ka tanadi safaya.

Sai abin da ba ka tambaya ba. Masu sayar da motar tsere a Facebook akwai macuta sosai, mutum zai sa sabon fenti a kan kejin ƙarfen kare direba da aka yi da siririn bututu, walda kamar kashin kaza, ya ce maka a shirye take. Kejin nan shi ne ranka fa. Tafi da mai walda ya duba kaurin bututun, filaye da yawa bututu mai faɗin inci 1¾ da kaurin inci .095 suke nema. Shiga ƙarƙashi da tef ka auna firam ta kusurwa da kusurwa, in awon bai zo ɗaya ba ta taɓa lanƙwashewa. Bel ɗin kujera duba tambarin SFI, masu tantance kayan kariyar tsere, shekara biyu yake yi. Kuma kafin ka ba kowa ko dala ɗaya, karɓi takardar dokokin filin da za ka yi tsere ka karanta, don kowane fili da nasa.