Wata huɗu da ɗan diron ɗin nan mai tashi daga tafin hannu

Tun da na saki bidiyon nan da nake ratsawa ta tsakiyar shinkafa kyamara na bina a baya mutane suka dame ni da tambaya, wai wa ya ɗauke ni, wani ma cewa ya yi ai na fara ɗaukar mai kyamara haya kenan kuɗin noma sun shigo. Wallahi babu kowa, ni kaɗai ne a gonar ranar sai ɗan diron ɗin nan, wato ƙaramin jirgi mara matuƙi da na saya bayan kaka. Yau wata huɗu kenan yana hannuna don haka bari in faɗi abin da na gani, daɗinsa da haushinsa. Sunan kamfanin ban rubuta ba kada a ce talla na karɓa, ɗan China ne dai, kuma duk wanda ke bin harkar zai gane shi daga bayanin.

A Pantami nake cikin garin Gombe amma gonata tana wajen Dadin Kowa, can nake noman rani, kuma kusan shekara biyu ina ɗora ƴan bidiyoyin gona a TikTok da Facebook. Da can Autanmu ne mai riƙe min waya. Yaron kirki ne amma fa aiki da shi sai haƙuri, ka ce ya ɗauko ka gaba ɗaya ya yanke maka kai, ka ce ya biyo ka a hankali ya taho da gudu hoton na ta rawa kamar an ɗauka a bayan Keke Napep a hanyar da ba kwalta, minti biyar ya fara Yaya hannuna ya gaji, Yaya rana. Da ya tafi makarantar kwana sai na koma jingina waya a jikin jarka ina magana a gabanta kamar mai labarai. Abin da ya sa na fara neman wata dabara kenan.

Da ya fito kasuwa a watan Satumba na 2024 dala 199 aka sa masa, shi kaɗai da batir ɗaya babu rimot. Ku lissafa da canjin yau ku ɗora kuɗin kawowa da ribar ɗan kasuwa. Ni ta hannun wani abokina a Kano na yi oda aka sako min a mota na karɓa a tasha. Da na buɗe kwalin sai da gabana ya faɗi, na ce shikenan an sayar min da kayan wasan yara, don nauyinsa giram 135 ne kacal, wayar da ke aljihuna ta fi shi nauyi nesa. Farfela huɗu ne kowacce an kewaye ta da ɗan keji na roba. Ba ya naɗewa amma yana shiga ƴar jakar da nake ratayawa har da sauran wuri.

Ranar farko ba a tashi ba, a setin ta ƙare. Manhajar tasu in Android kake riƙe da ita ba za ka same ta a Play Store ba sai ka je shafin kamfanin ka sauko da ita, ga ta da nauyi, ga rajista, ga kuma sabuntawa da shi kansa jirgin yake nema kafin ya yarda ya yi aiki yadda ya kamata. Data ta sha wuta ranar. Duk wanda ya saya ya gama wannan a cikin gari inda netwok ke da ƙarfi, kada ya kai gona yana ɗaga waya sama.

Abin da ya sa na ce kuɗina ba su faɗi ba shi ne yadda yake tashi. Ba rimot, ba ma sai ka ciro waya ba. Ka kunna shi, ka ɗora a tafin hannu ka miƙa hannun kyamarar tana kallon fuskarka, akwai ɗan maɓalli a samansa da kake latsawa ka zaɓi irin ɗaukar da kake so, sai ka danne shi. Zai tsaya ya gane fuskarka tukunna, sannan wata murya ta ƙirga da Turanci, tiri, tu, wan, sai ka ji iska ta daki hannunka ya ɗaga. Karon farko saura kaɗan in yar da shi don tsoro, na runtse ido na janye hannu, da na buɗe sai ga shi tsaye cak a iska daidai fuskata yana kallona. Na yi taku biyu baya ya matso, na juya na kama tafiya ya biyo ni. In ka gama sai ka sa tafin hannu a ƙarƙashinsa ya sauko a hankali ya kashe kansa. Yaran da ke kiwo kusa da gonar yanzu da sun hango babur ɗina sai su fara tiri tu wan, tiri tu wan, sunan da suka sa min kenan.

Salon ɗaukar suna da ɗan yawa. Akwai wanda yake ja da baya yana yin sama har kai ka zama ɗan ƙarami gonar ta fito gaba ɗaya, akwai mai zagaye ka, akwai mai tashi tsaye kamar roka kyamara na kallon ƙasa, akwai wanda yake tsayawa wuri ɗaya yana juya kai duk inda ka nufa. Satin farko duk na gwada su har na gaji da ganin kaina daga sama. Yanzu gaskiya biyu kawai nake amfani da su, mai bin nan da kuma mai tsayawa wuri ɗaya in ina nuna yadda ake dashe ko zuba taki, hannuna biyu duk cikin laka babu halin taɓa waya. Sauran na ado ne, sau ɗaya a farkon bidiyo ya isa.

Amma a bin nan ne na fara shan mamaki. Ba shi da idon ganin abin da ke gabansa ko gefensa ko bayansa, na'urorin da yake da su ƙasa kawai suke kallo don ya tsaya daidai ya kuma sauka. Kai yake gani, bishiya ba ruwansa da ita. Wata safiya ina tafiya ina ta zuba bayani kan iri na sunkuya na wuce ƙarƙashin wani dogon yaro, shi kuwa ya taho kai tsaye ya shige cikin reshe, sai ji na yi kwaras ya faɗo ƙasa. Na ɗauko shi hannuna na rawa ina lissafin buhu nawa na yi asara. Ganye ne kawai ya maƙale a kejin, na cire na hure ƙasa na kunna ya tashi kamar ba abin da ya faru. Rashin nauyin nan da kejin su suka cece shi, kuma laifin nawa ne don an rubuta a takardarsa ni ne ban karanta ba. Tun daga ranar kafin in tashe shi sai na duba hanya, bishiya, wayar wuta, igiyar shanya. A kan babur ma na gwada, in kana tafiya a hankali yana biye, da ka ja wuta ka bar shi a baya yana neman ka.

Hoton kuwa 4K yake ɗauka, firem 30 a daƙiƙa, hoto tsayayye kuma megafiksel 12. Kada 4K ɗin ta ruɗe ka, kyamarar ƙarama ce, babbar waya mai tsada ta fi ta fitar da hoto. Da safe wajen bakwai zuwa tara ko bayan la'asar abin gwanin kyau, koren shinkafa ya fito shar. Da rana tsaka farar riga tana ƙonewa a hoton, da an kira magariba kuma ka mayar da shi jaka kawai don hoton ya zama dishi-dishi, shi ma kansa ba ya iya tsayawa daidai in babu haske. Lokacin hunturu da hazo ya sauko duk abin da na ɗauka fari fat ya fito kamar an shafa toka, wannan kam ba laifinsa ba ne, amma kullum sai na goge gilashin na hure ƙura daga motocin farfelar. Rashin girgiza dai ya yi ƙoƙari, duk da kyamarar sama da ƙasa kawai take motsi sauran gyaran a cikin manhaja ake yi, ya fi hannun Auta sau goma.

Ba a saka masa memori. Ma'ajiyar ciki ce GB 22, tana ɗaukar kamar minti 40 na 4K, in ta cika sai ka juye a waya ta wayfai ɗinsa, wannan ba ya cin data kuma yana da sauri. Wayata ce ma take cika kafin shi.

Batir shi ne babban ciwon kaina. A takarda minti 17 zuwa 18 ne, ni dai a hannuna da ɗan iska da bin da yake yi, ina samun sha biyu zuwa sha huɗu ya fara kukan zai sauka. Ka yi tafiyar kusan awa daga gari ka je ka yi ɗauka uku batir ya mutu, ka zauna jiran caji na wajen minti 50. Daɗinta dai da igiyar Type-C yake caji, fawa bank tana yi masa, solar gida ma tana yi, ba sai na jira an kawo wuta ba. Daga baya dole na ƙaro batir biyu da ɗan akwatin cajinsu, kuma da na sani tun farko haɗe zan saya da ya fi min sauƙi. Yanzu da zafi ya shigo wata matsalar ta ƙaru, iyakar zafin da aka ce ya yi aiki a ciki digiri 40 ne, mu kuwa kun san Gombe a watan Maris da Afrilu. Ranar da na bar shi cikin jaka a kan babur a rana da na taɓa batirin kamar an ciro daga murhu, sai da na ajiye shi a inuwa ya huce.

Iska ma ba abokiyarsa ba ce, mita 8 a daƙiƙa aka ce yana jurewa, a aikace in ka ga babbar riga tana kaɗawa sosai to ka haƙura. Ruwa kuma ya fi iska haɗari, saboda idon nan na ƙasa yana ruɗewa da ƙyallin ruwa. Na so ƙwarai in ɗauki bakin dam ɗin Dadin Kowa daga sama, na tsaya na daɗe ina kallon ruwan Gongola ina kallon jirgin, daga ƙarshe na mayar da shi jaka. Ko a gona in an cika fili da ruwa ba a yi dashe ba ba na bari ya ratsa ta kai. Da waya kuma bai wuce mita 50 yake nisa, mai son ya tura shi can nesa sai ya sayi rimot daban.

Ƙara gare shi kamar an tono gidan zuma, kuma shi ba ya ɗaukar murya ko kaɗan. Wayarka ce take ɗaukar maganar sai manhajar ta rage ƙarar farfela ta haɗa da bidiyon. Yana yi amma muryar tana fitowa wani iri kamar kana magana cikin tulu, ni yanzu na fi son in ɗauki hoton shiru in dawo gida in ɗora murya.

Sai abin da babu shi a takarda. Wata Juma'a da yamma na tashe shi a ƙofar gida don in nuna wa abokai, na sa mai tashi sama ɗin nan ya yi sama ya dawo, muna ta dariya. Bayan isha'i maƙwabcinmu, dattijo ne sa'an mahaifina, ya aiko a kira ni. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya ce ɗana, abin nan naka da ya tashi ɗazu yana ganin cikin gida ko? Na ce Baba ni kaɗai yake ɗauka. Ya ce to buɗe mu gani. Na buɗe, wallahi sai ga tsakar gidansa a gefen hoton, shanya da turmi da iyalinsa suna aiki. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce Baba a yi min afuwa ban lura ba, na goge a gabansa. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi katangar da muka yi ba don tsuntsu muka yi ta ba, amma naka tsuntsun yana da ido. Tun ranar ban ƙara tashinsa a unguwa ba. Ga kuma hukuma, harkar jirage marasa matuƙi a Najeriya tana hannun NCAA, wato hukumar kula da sufurin jiragen sama, kuma ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro yana da ta cewa, da yanayin tsaron yankinmu ba sai an gaya maka ba kada ka kusanci filin jirgin Lawanti ko bariki ko gidan gwamnati ko shingen jami'ai da shi, ƙanƙantarsa ba za ta yi maka bayani ba.

Wani abokina ya zo wai in zo in ɗauki ɗaurin auren ƙanwarsa da shi zai biya, na ce masa a'a. A cikin taro ruɗewa yake ya saki wanda yake bi ya kama wani mai irin kayansa, ga rumfa ga wayoyi ga yara, ga batirin da ba zai kai a shafa fatiha ba. Mai son sana'ar ɗaukar biki ko hawan sallah ya tara kuɗi ya sayi babba. Wannan na mutum ɗaya ne a fili, manomi, mai motsa jiki da safe, tela da ke son nuna ɗinki yana tafiya, wanda dai ya rasa mai riƙe masa waya.

Auta ya zo hutu satin da ya wuce na kai shi gona na nuna masa wanda ya gaje shi. Ya kalla ya kalla ya ce Yaya ai wannan ma minti sha biyu yake gajiya, ni ina kai ashirin in ka saya min tsire. Yanzu shi ke riƙe da jakar batir, kuma ya riga ya kashe min biyu yana ɗaukar kansa a bakin famfo.