Kafin ka buɗe wa wani cikinka: wa ya kamata ka gani kan ciwon damuwa?

Idan damuwa ta hana ka barci wata da watanni har ka yanke shawarar neman taimako, za ka tarar da masu taimakon iri-iri, kuma kowa da inda ƙwarewarsa ta tsaya.

Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne, shi ke rubuta magani. In kana jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko tunanin kashe kanka ya fara zuwa maka, wurinsa za ka nufa yau ɗin nan. Sai dai ka sani magungunan damuwa sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ji aikinsu sosai. Masu bin tafarkin tsohon masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud kuwa, da tonon yarinta shekara da shekaru, na bar wa masu dogon haƙuri.

Ni dai zaɓina masanin halayyar ɗan Adam mai aiki da tsarin CBT (gyara tunani da ɗabi'a ta hanyar tattaunawa), wanda likita Aaron Beck ya assasa a Amurka a shekarun 1960. Abin da ya ja ni, aikin yana da iyaka: galibi zama 5 zuwa 20, kowanne bai wuce awa ɗaya ba. Wadda na gani ta sa na sayi ɗan littafi, ta ce duk sanda gabana ya faɗi in rubuta abin da ya faru, da abin da zuciyata ta raya mini, da hujjar da ke gaskata shi. Ranar da shugabana a wurin aiki ya wuce bai amsa gaisuwata ba, na rubuta "korata za a yi". Da muka zauna ta karanta, ta ce, "To, ina shaidarka?" Na yi ta kallon shafin, babu ko ɗaya. Da irin wannan, kaɗan-kaɗan, barci ya dawo.

Amma kafin ita na sha wuya a hannun wani mai kiran kansa kocin rayuwa, da na tsinta a soshiyal midiya. Kuɗin zama goma ya karɓa a dunƙule. Ya ce in watsar da maganin da likita ya ba ni, wai raunin zuciya ne ke damuna. Bayan 'yan makonni sai ga labarina a shafinsa, suna kawai ya sauya.

Don haka ka tambayi inda mutum ya yi karatu da hukumar da ta yi masa rajista, ka duba sunansa a kundinta da kanka. Ko a Ingila doka ba ta hana kowa kiran kansa mai ba da shawara ba. Duk wanda ya yi alƙawarin warkar da kai cikin mako guda, ko ya taɓa maganinka alhali ba likita ba ne, ko ya fara turo maka saƙo da tsakar dare, ka gudu. Manhajojin waya ma ba a ba su amana ido rufe: a 2023 hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye a Amurka ta sa kamfanin BetterHelp, mai manhajar ba da shawara kan damuwa, biyan dala miliyan 7.8 saboda miƙa bayanan masu hulɗa da shi ga kamfanoni irin su Facebook don talla.

A zaman farko nakan ce a yi tambaya ɗaya: "Wa zai ga abin da kake rubutawa a kaina, kuma a wane hali za ka faɗa wa wani?" Kocin nan, da na yi masa ita daga baya, dariya ya yi.