Na'urar gano ƙarfe ta farko: mai tsada ita kaɗai, ko mai araha da kayan aikinta?

Masu ƙaramin ƙarfi sun yawaita yi mini wannan tambayar.

Mai tsada irin Minelab Equinox tana aika sigina cikin ƙasa a zango (frequency) da yawa a lokaci guda, shi ya sa jiƙaƙƙen yashi mai gishiri ba ya rikita ta sosai, kuma tana shiga ruwa. Za ta daɗe tana biya maka buƙata. Amma in kuɗin suka ƙare a kanta, babu 'yar na'urar hannu mai nuna ainihin inda ƙarfe yake cikin rami, tono zai cinye maka yini.

Mai araha irin Garrett ACE 250 zango ɗaya gare ta, ga sauƙin koyo, ragowar kuɗin kuma ya sayi 'yar na'urar, shebur da abin sauraro na kunne.

Mai gwaji a busasshiyar ƙasa, mai arahar ta ishe shi. Wanda ya ƙudurta nema a bakin teku, ya daure ya sayi mai tsadar.