Tsohon bakaniken da ya ƙi taɓa min kafireta

Motata Peugeot 504 ce, haɗin Kaduna, gadon mahaifina. A cikin garin Bauchi ba ta da laifi, daga Wunti zuwa Yelwa sai ka rantse sabuwa ce. Amma da na hau titin Jos na sa giya ta uku na danne totur zan wuce tirela, sai ta ja da ƙarfi na ɗan lokaci, can ta shaƙe, ta yi tari ta kafireta, ƙarfin ya zube. In na ɗaga ƙafa kaɗan ta farfaɗo. Wanda ya taɓa tsintar kansa gefen tirela mota ta yi masa haka, wata kuma na tahowa, ya san addu'ar da ake yi.

Ɗan yayana ne ya ƙara dagula lamarin. Yaron ba shi da aiki sai kallon tseren Amurkawa a waya, irin wanda motoci biyu ke jerawa su cilla a miƙaƙƙen titi mai mita 402. Kullum maganarsa, "Baffa, mai ne bai ishe ta ba, a buɗa mata jet." Na biye masa. Wani yaron gareji ya zare babban jet, wato ɗan ƙarfen nan mai huda da mai ke bi a cikin kafireta, ya faɗaɗa raminsa. Salansa ta fara baƙin hayaƙi, tanki ya koma rariya, a wannan zamani da aka cire tallafin mai tun 2023. Shaƙewar kuwa tana nan daram, har ta fi saurin zuwa.

Daga nan aka kwatanta min wani dattijo da kafireta kaɗai yake gyarawa. Shi nake so in yi wa sharhi.

Da na gama bayani bai ɗauki sukundireba ba. Murfin tanki ya fara buɗewa yana kasa kunne, wai in ƙofar iskar murfin ta toshe za a ji tanki ya ja numfashi. Sannan ya cire matacin iska, ya leƙa maƙogwaron kafireta yana motsa totur da hannu, ya ga ɗan famfon da ke feso mai lokacin da aka taka yana aikinsa. Sai ya ce, "Ɗana, tashi mu hau titi." Muka fita bayan gari inda babu kowa. Ya ce in danne, da ta shaƙe in taka kuloci in kashe inji nan take, amma kada in murɗa makulli har ƙarshe sitiyari ya kulle. Muka gangara gefe, ya buɗe saman kafiretar. Ɗan kwanon da ke tara mai, wanda ya kamata a same shi da mai har inda fulot, ɗan abin da ke yawo a kan mai yana tsayar da shigowarsa in ya cika, ke tsayawa, sai ɗan laima a ƙasa. Ya zaro fulogi guda, bakinsa ya yi fari-fari duk da baƙin da ya kewaye gindinsa.

A nan na gane wautata. Kafiretar ba ta da laifi, mai ne ba ya isowa gare ta. A hankali tana shan kaɗan, famfon da ke janyo mai daga tanki na iya cike mata. In an danne sai ta shanye na kwanon kafin wani ya zo. Faɗaɗa jet kuwa kamar ƙara wa randa girman huda ne alhali rijiya ta janye.

Da muka koma ya cire tiyo ya sa a kwalba, aka tayar, mai na fitowa da ƙyar, ja-ja da tsatsa. Tankin sai da aka sauke aka wanke, abin da ya fito kuwa har da ruwa, ladan man kwalba na 'yan bumburutu da na sha saya lokacin layi. Fatar cikin famfon mai ta saki, aka canza. Ya kuma janye tiyon nesa da zafin inji, ya ce a watan Afrilu mai na tafasa a ciki ya zama tururi, famfo ya yi ta bugun iska.

Ɗan yayan nawa ya so a sa famfon lantarki irin na motocin tsere. Dattijon ya ce manyan kafiretocin Holley da yake gani a waya suna son matsin mai wajen 6 zuwa 7 a ma'aunin matsi na psi, ƙaramar Solex irin tawa kuwa rabin haka ya ishe ta, in an wuce sai mai ya ture allurar fulot ya yi ambaliya. Ban zaci ya san wannan ba, shi ma yaron shiru ya yi.

Sai bayan duk wannan ya taɓa kafiretar: ya mayar da jet na asali, ya daidaita fulot, ya saita silo, wato bugun inji in ba a taka totur ba, da kunne.

Inda ban ji daɗi ba, aikin yini guda ya kai kwana uku, don ba ya bari yaransa su taɓa komai, kuma waya ba ta dame shi ba, sai ka kira sau biyar. Kuɗinsa ya kusa ninka na sauran. Jet ɗin ma tsoho ne ya tsamo daga gwangwani, ya caje ni kamar sabo. Na yi ƙorafi, ya ce in na samu sabo na gaske a kasuwa in kawo ya saya.

Makon jiya na je Jos. Na wuce tireloli uku kafin Nabordo ba ta yi ko gyaran murya ba. Da na hau tudu na ji ta ɗan yi nauyi, na kira shi, a kira na huɗu ya ɗauka. Ya ce Jos ta ninka Bauchi tsayi, iska ta fi sirantaka, mai kan ɗan yi wa inji yawa a can. "Kada ka bari kowa ya taɓa min ita, ka dawo gida za ta warware." Tun kafin in iso shingen shiga gari ta warware.