Sharhi kan rolar baje kankaren daɓe

Injin ba shi da sarƙaƙiya: dogon bututun ƙarfe ne mai kaurin kamar santimita 10 zuwa 15, da mota (ɗan injin da ke juyi) a gefe guda tana juya shi, da mariƙi a kowane ƙarshe. Bututun yana hawa kan katakon da aka kafa a gefen daɓen, mutum biyu suna jan sa. Yana juyawa ne saɓanin inda ake jan sa, shi ya sa yake ture rarar kankare gaba, ya bar bayansa sumul. Na yi aiki da mai tsawon mita 6 a daɓe mai kaurin santimita 12, kuma a ganina ya ci kuɗinsa, amma da sharaɗi.

Sharaɗin shi ne katakon gefe. Rola ba ta san daidai ba, abin da katako ya ba ta shi take kwafa. In katakon ya lotsa da milimita 5, daɓen ma haka zai lotsa a wannan gefe, lotsawar tana raguwa har zuwa wancan. Sai a ja igiya a daidaita shi, a kafa turaku kusan kowace mita ɗaya, kuma kan turken ya zauna ƙasa da bakin katako, in ba haka ba bututun zai yi karo da shi. A bar bututun ya zarce katako da akalla santimita 15 a kowane ɓangare don kada ya zame. Tsakuwa guda ɗaya tak in ta hau kan katako, bututun zai ɗaga ya bar tudu a wurin, don haka a sa mutum ɗaya yana sharewa.

Masu manjagara su ne rabin aikin. Su riƙa barin kankare ya ɗara katako da santimita 2 ko 3 a gaban bututun, ya zama kamar 'yar kunyar gona tana birgima. In ta yi yawa motar za ta yi nishi, bututun ya hau kanta. In ta ƙare, sai kwari ya fito a baya. Masu ja kuma su tafi kafaɗa da kafaɗa, a hankali. Zagaye na farko yankewa ne, na biyu shi ke cike ƙananan ramuka.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda rolar take cin kwaɓi mai tauri. In da katako ake bajewa da hannu, gajiya kan sa a ƙara ruwa don kankaren ya ja da sauƙi, ruwan nan kuwa shi ke rage ƙarfi ya kawo tsagewa. Da rola babu wannan uzurin, kuma a tsaye ake aikin, ba a durƙushe ba. A gangare ma tana yi, in an ja ta zuwa sama.

Inda ta gaza: ba ta girgiza kankare. Samansa kawai take gyarawa, saboda haka gefuna, kusurwoyi da kewayen rodi sai an bi su da injin girgiza tukuna, ko a cire katako a tarar da ramuka kamar saƙar zuma. Jikin bango, ginshiƙi da bututun ruwa da ya leƙo duk aikin hannu ne. Dogon bututu kuma yakan yi ciki a tsakiya, gara a raba fili mai faɗi gida biyu da a ƙara tsawo.

Bayan ta wuce a bi da faffaɗan allon shafe mai dogon hannu nan take, sannan a dakata har ruwan da ya taso ya ƙafe kafin a yi shafen ƙarshe. Ban ruwa kwana 7 yana nan yadda yake. Bututun kuwa a wanke shi kafin siminti ya kama, don ɓawon da ya bushe a jikinsa zai zana layi a daɓen gaba.